A ƘIDAYA DAMMA TUN SUNA BAKIN RUMBU

Ƴan uwa manoman Atantane, kaka ita ce lokacin da hatsi ya fi araha, kuma ita ce lokacin da muka fi sayar da shi. Biki ya taso, a ɗauki dami. An ga sabon zane a kasuwa, a ɗauki dami. Idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, sai mu koma mu sayi geron nan da tsada. Waɗanda suka ga yunwar shekarar 2005 a jihar Maraɗi ba su manta ba.

Tunda mun koyi lissafi, mu yi aiki da shi. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya wajen 40. Gidan da ke dafa tiya 1 kowace rana, buhu zai kai shi kwana 40. Ke nan a shekara yana bukatar buhu 9 da ɗan ƙari. Kowane maigida ya zauna da uwargida su auna cin gidansu. A fara ware iri, sannan cimaka. Abin da ya rage shi ne na kasuwa, kuma a rubuta shi a littafi. Mu a ganinmu, wanda ya taɓa iri don ya yi biki ya ci gonarsa ta baɗi.

Wajen ajiyar kuɗi kuwa, mata sun riga maza. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta kafa tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi. Mata suna haɗuwa duk mako, kowace ta zuba abin da aka yi alkawari cikin asusu. Mai bukata ta ci bashi, ta biya da ɗan ƙari, ranar rabo kowa ta ɗauki nata. Dala 20 a mako ba ta kai kuɗin goron wasu ba, amma a mako 52 ta zama jika 5 da dala 40.

Damina ce lokacin zazzaɓin cizon sauro, daidai sa'ad da hannu ba kome. Idan yaro ya kwanta da dare, likita ya ce a wuce da shi Mayahi ko Tasawa, mai mota kuɗi zai tambaya. Mai ajiya a asusu sai ta tashi nan take. Maras ajiya kuwa sai ya bi gida gida neman rance, ko ya sayar da akuyarsa yadda dillali ya ga dama.