Tudu da kwari a gona ɗaya: Abin da ke ci wa manoman Kudancin Kano amfani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, manoman rani suka san cewa samun ruwa daban, rarraba shi daban. Idan gona ba ta daidaita ba, ruwa yakan taru a kwari ya ruɓar da shuka, tudu kuma ya bushe.

Manoman shinkafa na Tudun Wada sun san wannan asarar: taki ya bi ruwa ya gangara gefe guda, ciyawa ta mamaye inda ruwa bai rufe ba, shinkafar kuma ta ƙi nuna lokaci ɗaya.

Maganin shi ne faffaɗan ƙarfe mai kaifi da ake ɗaurawa a bayan tarakta. Bayan an yi haro, sai ya kankaro ƙasar tudu ya zuba ta a kwari.

Sai dai aikin yana buƙatar gwanin direba. Idan ya nutsa ƙarfen da yawa, zai kwashe ƙasar sama mai albarka ya bar tsandauri. A gonakin masara na Doguwa da Ƙiru, inda akwai gangara, baje ƙasa ba tare da kunyoyin tare ruwa ba yana jawo zaizaya.

Shi ya sa ake yin aikin da bazara, ƙasa na bushe. Wanda ya jira ruwan farko, zai tarar da layin masu haya a gabansa.