Akwati da Ɗaya: Yadda Ake Tsare Gwanin Ƙwallon Kwando

Ranar 2 ga Yuni, 2019, ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada ta kara da Golden State Warriors ta Amurka a wasa na biyu na zagayen ƙarshe na gasar NBA. Da wasa ya zo gangara, sai mai horar da Toronto, Nick Nurse, ya ɗauko wata tsohuwar dabara wadda aka fi sani a filayen makarantu. Ya sa 'yan wasansa huɗu suka tsaya kusurwa huɗu a gaban kwandonsu, na biyar kuwa, Fred VanVleet, ya manne wa gwanin abokan karawa, Stephen Curry. Golden State ta yi fiye da minti 5 ba ta ci ko maki ɗaya ba. Duk da haka ita ta yi nasara a ranar da ci 109 da 104, amma Toronto ce ta ɗauki kofin shekarar. Shugabanta a lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, a nan kuma ya koyi wasan.

Wannan tsari shi ake kira akwati da ɗaya. Gauraye ne na tsaron yanki da tsaron mutum-da-mutum. Biyu suna tsayawa a gefunan layin jefa fanareti, biyu a ƙasa kusa da kwando, wato akwatin ke nan. Su wuri suke tsarewa. Na biyar kuwa mutum aka ba shi, ko ina ya nufa yana biye da shi. Wanda ya taɓa ganin masunta a madatsar ruwa ta Tiga zai gane abin nan da nan: wasu suna riƙe da taru, wani yana koro kifi. Ya dace da makarantunmu na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, domin sau da yawa ƙungiyar sakandare gwani ɗaya gare ta, saura 'yan rakiya ne.

To, ina ruwan masanin halittu da wannan? Ruwansa shi ne yaron nan na biyar, wanda nauyin ya fi faɗawa kansa.

Tsokar ɗan Adam ba ta motsi sai da wani sinadari mai suna ATP, kuma abin da ta ajiye ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Idan aka zabura da gudu, wani sinadarin, fosfokiriyatin, shi ke sabunta shi cikin gaggawa, amma a cikin kamar daƙiƙa 10 ya yi ƙasa ƙwarai. Daga nan tsoka takan dogara ga farfasa sukari ba tare da jiran iskar oksijin ba, hanya mai sauri amma mai tara abubuwan da ke sanyaya ƙarfinta. Rabin fosfokiriyatin yakan dawo bayan hutun kamar daƙiƙa 30, cikarsa kuwa sai minti 3 zuwa 5. Mai bin gwani ba ya samun wannan hutu. Gwani ya san inda za shi, mai binsa sai ya gani tukuna, saboda haka kullum a zabure yake. A ganina kuskure ne babba malami ya ɗora wa yaro ɗaya wannan aiki tun daga farkon wasa har ƙarshensa. A tanadi biyu ko uku masu karɓeɓeniya. Yaron da ya gaji da hannu yake tsaro maimakon ƙafa, alhali laifi 5 ke fitar da ɗan wasa a dokar FIBA.

Atisayensa ma ya bi wannan lissafi. Zagaye filin makaranta sau goma yana da amfaninsa, amma abin da ya fi buƙata shi ne gajeren gudu, da jan ƙafa gefe-gefe na daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta, a maimaita. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a ƙasar Kano, ɗan wasa na iya zubar da gumi fiye da lita 1 a awa guda, kuma asarar ruwan da ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki tana rage kuzari da saiti. Randa ko jarka a bakin fili tana cikin kayan horo.

Sai maganar ido. Tsakiyar ido ke gani tar, amma ɗan wuri kaɗan take ɗauka, gefen ido kuwa gwanin hango motsi ne. Don haka a koya wa mai bin gwani ya kafa ido a ƙugun mutuminsa, domin kai da kafaɗa suna yaudara, ƙugu kuwa inda ya nufa nan jiki ya nufa. 'Yan akwati su riƙa kallon tsakanin ƙwallo da yankinsu, su kuma yi ta magana, musamman idan an zo tare wa abokinsu hanya.

Raunin tsarin a fili yake. Tsakiyar akwati fanko ce, kusurwoyin fili kuma a buɗe suke, ga shi ba a san takamaimai wanda zai tare wane ba idan ƙwallo ya dawo daga allo. Andre Iguodala, wanda aka bari shi kaɗai, shi ya jefa maki 3 da suka rufe wancan wasa na Toronto. Idan abokan karawa suna da masu saiti biyu ko uku daga nesa, malami ya ajiye akwatinsa ya koma tsaron mutum-da-mutum.