Kai Kyanwa Wurin Likitan Dabbobi

A ƙasar 'Yankwashi kyanwa ce mai gadin rumbu. In ta kwanta ciwo, ɓera ya sami sake, gero ya tafi. Amma kai ta Kazaure wurin likitan dabbobi sai da dabara, gama ba ta son baƙon wuri.

Waɗansu manoma su kan cusa ta a buhu. Wannan kuskure ne, ƙara firgita ta ya ke yi. Gara kwando mai murfi. A ajiye shi a ɗaki kwana uku kafin tafiya, a shimfiɗa tsumman da ta saba kwanciya a kai, don warin jikinta ke kwantar mata da hankali. A hanya a lulluɓe kwandon da zane. In ta ciji mutum, a wanke wurin da sabulu minti 15, a nufi asibiti, saboda ciwon haukan kare.