CINIKI TA WAYA: KADA KAYA SU FITA SAI KUƊI SUN SHIGA

Duk wanda ya san cikin birnin Kano ya san Jakara, ya kuma san Kasuwar Kurmi da ke bakinta. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa wannan kasuwa. Shekaru aru-aru fatake suna sauke kaya a wurin, masu goro daga Gwanja, masu gishiri da kanwa daga Azbin da Barno, da Larabawa daga Gadamas. Yawancinsu baƙi ne. Ba su san mai saye ba, shi ma bai san su ba. To, ƙaƙa ciniki ya yiwu tsakanin mutanen da ba su san juna ba?

Fatoma da dillali ne suka sa ya yiwu. Fatoma shi ne mai masaukin baƙo. Yakan ajiye masa kayansa, ya nemo masa mai saye, in kuwa bashi za a ba da, shi ne mai tsayawa. Dillali kuma ya san gidan kowa, ya san mai biya, ya san mai taurin bashi. La'adar da ake ba shi ba kuɗin surutu ba ne, ladan sanin mutane ne.

'Yan'uwa manoma, yau an buɗe wata kasuwa a cikin waya wadda ba ta da fatoma, ba ta da dillali. Wanda ya kai kayansa can, tilas ya yi wa kansa aikin da waɗannan biyu suke yi.

Kasuwar da ba ta da rumfa

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. A 2014 aka kafa Jiji a Legas, watau dandalin da kowa ke iya sa hoton abin da yake so ya sayar da lambar wayarsa, a 2019 kuma ya saye harkar OLX a ƙasar nan. Ban da shi akwai Facebook da zaurukan WhatsApp. Manomin Rano ko Sumaila ko Tudun Wada yana iya sa ɗansa ya ɗauki hoton rago, ko buhunan waken suya, ko zuma, ko tsohon injin ban ruwa, kafin magariba mutumin Jakara ko Sabon Gari ya gani ya bugo waya. Wannan abin amfani ne ƙwarai, gama yana rage kuɗin mota, yana kuma sa manomi ya ji farashin birni tun yana gida.

Amma mu sani, waɗannan wurare allon talla ne kurum. Ba su san halin mai bugo maka waya ba, ba kuwa za su biya ka in ya gudu da kayanka ba.

Akwai kuma wani abin da ya sauya. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai, har mai tumatir da mai shayi suka koma karɓar kuɗi ta waya. Mutane da yawa sun koyi jiran “alat”, watau saƙon da banki ke aikowa in kuɗi sun shiga, amma ba su koyi yadda ake tabbatar da shi ba. Ta wannan ƙofa macuta suka fi shiga.

Alamun mai sayen ƙarya

1. Ba ya tayawa. A Kurmi mai saye yakan taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallamawa. Wanda ka ce masa Naira 150,000 ya ce ya saya nan take, bai nemi ragi ko na kwabo ba, a yi hattara da shi. Wanda ba shi da niyyar biya, tsada ba ta damunsa.

2. Ba ya tambayar lafiyar kaya. Mai sayen rago na gaske zai so ya ga haƙori, mai sayen inji zai so a tayar ya ji ƙararsa. Ba a cinikin biri a sama.

3. Kullum cikin sauri yake. Motarsa za ta tashi, ko yana asibiti, ko yana hanyar filin jirgi. Nufinsa kada ka sami sukunin yin tunani ko shawara.

4. Ba ya zuwa da kansa. Sai ya aiko ɗan adaidaita sahu ko yaro ya ɗauki kaya. Sau da yawa ɗan aiken bai san kome ba, shi ma a waya aka ɗauke shi aiki.

5. Yana yawan ambaton muƙami. Shi soja ne, ko jami'in kwastan, ko fasto, ko alhaji, ko ma'aikacin wata hukumar agaji. Yana iya gaishe ka da irin gaisuwarmu ta 'yan'uwa don zuciyarka ta kwanta. Gaisuwa ba shaida ba ce.

6. Yana son dare, ko yammacin Jumma'a, ko ranar hutu, lokacin da ba ka iya shiga banki ka tambaya.

Alama ɗaya ba ta mai da mutum ɓarawo. Amma in biyu ko uku suka haɗu, ruwa ba ya tsami banza.

Dabarunsu

Alat na ƙarya. Saƙo zai shigo wayarka da sunan bankinka, da adadin kuɗin da kuka shirya. Amma ba daga banki ya fito ba, akwai hanyoyin da ake aika saƙo da sunan da aka ga dama. Wani kuma zai nuna maka hoton rasit a wayarsa, ya ce matsalar sabis ce ta riƙe kuɗin. Hoto abu ne da yaro ma ke iya gyarawa.

Kuɗi sun yi yawa. A ce kun shirya injin ban ruwa a kan Naira 150,000. Sai alat ya shigo na Naira 250,000. Mutumin ya bugo yana roƙo, wai kuskure ya yi, ka taimaka ka mayar masa da 100,000. Ka je wurin mai POS ka tura masa daga guminka, ɗan aikensa kuma ya ɗauki inji. Da ka duba asusu, ko sisi bai shiga ba. Ka yi hasarar inji, ka kuma yi hasarar 100,000.

Cek marar kuɗi. In an ajiye cek a asusunka, mai yiwuwa ka ga adadin ya bayyana, amma bai zama naka ba sai bankin mai cek ɗin ya amince. Wannan yakan ɗauki ranar aiki ɗaya ko fiye, Asabar da Lahadi kuwa ba sa cikin lissafi. Tun 1977 akwai dokar da ta mai da ba da cek marar kuɗi laifi, amma doka ba ta dawo da buhunan da suka riga suka bar gari.

Ciniki mai kusurwa uku. Wannan ya fi sauran wayo. Macuci zai kwashe hoton shanun huɗarka ya sa a wani wuri da araha, kamar nasa ne. Ya sami mai saye na gaske, ya ce masa, “Je ka duba su wurin yarona, amma kada ku yi maganar kuɗi da shi.” Kai kuma ya ce maka, “Ƙanena yana zuwa ya duba, ni zan biya.” Mai saye ya ga shanu, ya tura wa macuci kuɗi, ya ce a kwance masa dabbobinsa. Kai ba ka ga kuɗi ba, shi kuwa ya biya. Sai rigima ta kaure tsakanin mutum biyu masu gaskiya, ɓarawo ya kashe wayarsa. Maganin wannan shi ne, duk wanda ya zo duba kaya ka faɗa masa da bakinka: kayan nawa ne, kuɗinsu kaza, ga asusun da za a biya.

Neman lambobi. Zai ce ba ya iya tura kuɗi sai ka karanto masa wata lamba da ta shigo wayarka yanzu. Wannan lamba mabuɗin asusunka ce, ko kuwa lambobi 6 na WhatsApp ɗinka. In ya same su zai kwashe kuɗinka, ko ya shiga zauren ƙungiya da sunanka yana roƙon rance. Mai son biyanka abu uku kaɗai yake bukata: sunan banki, sunan mai asusu, da lambar asusu mai lambobi 10. Lambar BVN mai lambobi 11, da lambobin jikin katin cirar kuɗi, da lambar sirri, ba ruwan mai saye da su.

Biya kafin a biya ka. Wani zai ce yana Turai, yana son zuma ko zoɓo mai yawa, amma sai ka fara biyan kuɗin rajista ko na dako ga wani wakilinsa. Tun da aka kafa Kurmi, mai saye ne ke ba da kafin alƙalami, ba mai kaya ba.

Doka ɗaya

Dukan dabarun nan, doka ɗaya ce ke karya su. Kada kaya su fita sai kai da kanka ka ga kuɗi a cikin asusunka, a wayarka, ba a wayar mai saye ba. Gani ya kori ji.

Ba sai da babbar waya ba. Kowane banki yana da lambar da ake dannawa a ƙaramar waya: First Bank *894#, UBA *919#, GTBank *737#, Access *901#, Zenith *966#. Kafin ciniki ka duba abin da ke asusunka ka rubuta a takarda. Bayan an ce an biya, ka sake dubawa. In bai ƙaru da daidai kuɗin kayanka ba, ba a biya ba. 'Yan kuɗin da ake cira domin dubawa ba su kai farashin ƙwai ɗaya ba.

In ya ce sabis ne, ka ce masa, “Ba laifi, Malam, zauna ga tabarma, mu jira tare.” Mai gaskiya zai jira ko ya dawo gobe. Macuci zai yi fushi, ya ce ka raina shi. Fushinsa ya fi maka sauƙi a kan hasarar noman shekara.

Ka kuma duba sunan wanda ya turo kuɗin. In ya bambanta da na mai saye, ka tambayi dalili, gama in kuɗin sata ne ana iya rufe asusunka har a gama bincike. In kuwa da gaske an turo fiye da kima, kada ka mayar a wani asusu dabam da aka ba ka. Ka je banki, su mayar inda kuɗin suka fito.

Abin da ƙungiya za ta yi

Kayan ƙungiya amana ne. Buhu 40 da ke cikin sito ba na shugaba ba ne, gumin gidaje da yawa ne, har da na gwauraye. Saboda haka muna ba da shawara kowace ƙungiya ta rubuta waɗannan a littafinta:

(a) Mutum ɗaya ne zai riƙa sa talla da sunan ƙungiya, da lambar waya ɗaya da kowa ya sani.

(b) A biya a asusun ƙungiya kaɗai, ba na wani mutum ba.

(c) Mai riƙe da mabuɗin sito kada ya buɗe sai ma'aji ya tabbatar da shigar kuɗi, magatakarda kuma ya shaida.

(d) A rubuta sunan mai ɗaukar kaya, da lambar wayarsa, da lambar motarsa, ya sa hannu.

(e) A haɗu da rana, a wurin jama'a, mutum biyu ko uku tare. In a birni ne, bakin kasuwa ko kusa da ofishin 'yan sanda ya fi lungu. Kada a ba baƙo babur ya “gwada” shi kaɗai.

(f) In tsabar kuɗi ne, a ƙirga su ɗaya-ɗaya cikin haske, domin akan cusa jabu a tsakiyar ɗauri.

(g) Matasan da suka iya waya su koya wa dattawa da mata yadda ake duba asusu, amma kowa ya riƙe lambar sirrinsa.

In kaya masu yawa ne kuma ba ku natsu da mai saye ba, kada ku ji nauyin kai su Dawanau ko Wudil ku ba dillalin da kuka sani. La'adarsa ba ta kai hasara ciwo ba.

In ta riga ta faru

Kada kunya ta sa mutum ya yi shiru. An cuci malamai, an cuci manyan 'yan kasuwa. A sanar da banki nan da nan, domin wani lokaci akan iya tsare kuɗi kafin a cire su. Kada a goge saƙonni, ko lambar waya, ko lambar asusun da aka tura wa kuɗi. A kai su ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ofishin hukumar EFCC da ke Kano. Dokar zamba ta 2006 da dokar laifuffukan intanet ta 2015 duk sun tanadi hukunci a kan irin wannan aiki. Sa'an nan a faɗa a taron ƙungiya, a kuma aika wa ƙungiyoyin maƙwabta, gama wanda ya ci nasara a gari ɗaya yakan gwada na gaba.

Tambayoyi domin taronku na wannan wata

1. Mutum nawa ne a cikinmu suka iya duba asusunsu da kansu?

2. Wa ke da ikon buɗe sitonmu, kuma da izinin wa?

3. In yau wani ya nuna mana rasit a wayarsa, motarsa tana jira a ƙofar sito, me za mu ce masa?

Ku tattauna waɗannan, ku rubuta abin da kuka shirya tun kaka ba ta zo ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.