Inda Hausa da Turanci Suka Raba Hanya

Yau ajin Turanci za mu shiga, don haka 'yan makaranta ku matso kusa da rediyo da biro da takarda. Iyaye da malamai kuma kada ku yi nisa, domin rabin maganar taku ce.

Babu gidan da ke da ɗan sakandare a Najeriya da bai san nauyin wannan darasi ba. Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, ya samu A1 a Hausa, amma muddin bai samu kiredit a Turanci ba, wato aƙalla C6 a WAEC ko NECO, ƙofar jami'a ba za ta buɗe masa ba. A jarrabawar JAMB kuwa, cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, kuma dole ne a kan kowa, ko likita yake son zama ko lauya. Sauran darussa ma da Turanci ake koyar da su. Sau da yawa yaron da ya faɗi kimiyya ba kimiyyar ce ta kayar da shi ba, tambayar ce bai gane ba.

To, yaya muke koyar da shi? Ku leƙa ajin firamare da hantsi. Malam ya rubuta ma'anar “noun” da “verb” a allo, yara sun ɗauka da waƙa, ana jiyo muryoyinsu har bakin titi. Sun haddace tsaf. Sai ka ce da ɗaya daga cikinsu ya rubuta jimla uku a kan abin da ya yi jiya, sai ya riƙe biro yana kallon rufin aji. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaron nan ba fanko ya zo makaranta ba. Ɗan shekara shida ba zai taɓa cewa “Binta ya tafi” ko “yara tana wasa” ba. Ya san jinsi, ya san tilo da jam'i, ya san abin da ya wuce da abin da ke zuwa. Nahawu yana bakinsa, sunayen ne kawai bai sani ba. Aikin malami shi ne ya nuna masa inda Hausa da Turanci ke tafiya tare, sannan ya tsaya da shi a daidai inda suka raba hanya.

Inda suke tafiya tare yana da yawa. Jerin jimla ɗaya ne: mai aiki, sai aikin, sai wanda aka yi wa. “Audu ya sayi littafi”, “Audu bought a book”. Haka kuma ɗan Hausa yana da wani gata da 'yan uwansa masu jin Yarabanci ko Ibo ba su da shi, domin a harsunansu wakilin suna ɗaya ne ga mace da namiji, mu kuwa muna da “shi” da “ita”, daidai da “he” da “she”. Tarkonmu yana wani wurin. A Hausa mota mace ce, rana mace ce, gida namiji ne, a Turanci kuwa duk “it” ne. Sannan “kai” da “ke” da “ku” duka sun dunƙule cikin “you”.

Yanzu ga babban wurin rabuwar, kuma a nan nake so mu ɗan zauna, wato lokaci. Ku saurara: na karanta, zan karanta, nakan karanta. Me ya canza? Ba “karanta” ba ce. Ɗan guntun da ke gabanta ne yake ɗauke da lokaci: na, zan, nakan. Kunnen Bahaushe ya saba neman lokaci a gaban aikatau. Bature kuwa a jikin aikatau ɗin yake sa shi: “I play” ta koma “I played”, “I go” ta koma “I went”. Shi ya sa yaro zai rubuta “Yesterday I go to the market”, kuma a ransa bai ga laifi ba, tunda ya riga ya ce jiya. Ba daƙiƙanci ba ne, ƙa'idar harshensa ya bi. In malam ya gane haka, maimakon jan biro kawai sai ya ce: “Yarona, a Turanci ko ka ce jiya, sai ka sake nuna jiyan a jikin aikatau.” Magana ɗaya ce, amma tana gyara kurakurai masu yawa.

Mafi yawan aikatau na Turanci ƙara musu “ed” ake yi. Masu bijire wa wannan ƙa'ida sun kai wajen 200, kuma abin lura shi ne su ne aka fi amfani da su kullum: “eat, ate, eaten”, “see, saw, seen”, “take, took, taken”, “write, wrote, written”. Waɗannan kam sai hadda, kuma hadda ba baƙonmu ba ce. Sai dai a haddace su cikin jimla. Biyar a mako, kowanne da jimlar abin da ya faru a gidanku, ya fi hamsin da aka rera a rana ɗaya.

Daga nan sai ɗan harafin nan “s” mai cinye wa ɗalibai maki. In ya hau suna, jam'i ne: “boy, boys”. In ya hau aikatau, tilo ne: “the boy plays”, amma “the boys play”. Ku lura, a cikin waɗannan jimloli biyu “s” ɗaya ce, ko dai tana kan suna ko tana kan aikatau. Jam'in Turanci shi kansa bai kamata ya tsorata kowa ba. Wanda ya iya gida, gidaje, littafi, littattafai, ƙasa, ƙasashe, akuya, awaki, ba “child, children” da “man, men” ne za su gagare shi ba. Wurin da za a kiyaye shi ne kalmomin da mu muke jam'antawa su ba sa yi. Muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki, amma “advice” da “information” da “furniture” da “luggage” ba sa karɓar “s” ko da sun cika ɗaki.

“The” da “a” ma muna da makamantansu. Bambancin “yaro” da “yaron”, ko “mota” da “motar”, kusan shi ne aikin “the”: abin da ni da kai muka riga muka sani. “Wani yaro” kuwa ya yi kusa da “a boy”. Zaɓi tsakanin “a” da “an” na kunne ne, ba na ido ba, shi ya sa ake cewa “an hour” amma “a university”.

Tambaya kuma fa? Mu murya kawai muke ɗagawa: “Ka ci abinci?” Turanci sai ya kira ɗan taimako, “did”, kuma da zarar “did” ya ɗauki lokaci, aikatau ya koma asalinsa. “Did you go?” ake cewa, ba “Did you went?” ba. Ga kuma wata da ke haddasa rashin fahimta har tsakanin manya. A ce maka: “Ba ka ci abinci ba?” Ka amsa: “E, ban ci ba.” Hausa ce tsantsa. A Turanci kuwa amsar tana bin abin da ya faru ne, in ba ka ci ba, “No, I haven't” za ka ce.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na musamman a kan tushen nahawu da kalmomin Turanci ga 'yan makaranta. Mu juya ga kalmomi.

Ƙannena ɗalibai, kun san Turanci fiye da yadda kuke zato. Tebur, bokiti, fensir, mota, direba, likita, asibiti, kafinta, tela, soja, kotu, gwamna, tikiti, duk daga Turanci muka aro su muka yi musu kwaskwarima. Shi ma Turancin maroƙi ne. Bayan mamayar da mutanen Nomandi na Faransa suka yi wa Ingila a 1066, dubban kalmomin Faransanci sun shige shi, ga na Latin da na Girka, har da na Larabci irin su “algebra” da “cotton” da “sugar”, wadda tushenta ɗaya da sukarinmu. Wannan tarihi na daga cikin dalilan da suka sa rubutunsa da furucinsa ba sa jituwa. Harafin “k” da ke farkon “knife” da “knee”, a da can furta shi ake yi. Baki ya daina, alƙalami bai daina ba.

Abin da ya fi kayar da mu shi ne kalmar Hausa guda mai ɗaukar aiki da yawa. Ku ɗauki “ji”. Muna jin magana, muna jin ƙanshi, muna jin sanyi, muna jin Larabci. Turanci ya raba su huɗu: “hear”, “smell”, “feel”, “understand”. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha mangwaro, su kuwa “drink water”, “take medicine”, “eat a mango”. “Na ari biro” da “ara mini biro” tushensu ɗaya a wurinmu, daga nan aka haifi “borrow me your pen”, alhali mai karɓa ne ke “borrow”, mai bayarwa “lend” yake yi. Don haka kalma ba a koyon ta ita kaɗai. A koye ta da abokan tafiyarta: “make a mistake”, “do homework”, “pass an exam”.

Kalmomi nawa ake bukata? Wani masanin koyar da Turanci, Michael West, wanda ya yi aiki a yankin Bengal, ya wallafa jerin kalmomi kimanin 2,000 a 1953, waɗanda aka fi cin karo da su. Bincike ya nuna cewa irin wannan adadi yana ɗauke wajen kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. Yaron da ke koyon kalma biyar a kowace ranar makaranta zai haɗa wannan tun kafin ya bar ƙaramar sakandare. Hanyar kuwa karatu ne: ƙananan littattafan labarai, jarida, takardar da ke cikin kwalin magani. Ya ware littafin rubutu guda, duk sabuwar kalma ya rubuta ta da jimlar da ya tsince ta a ciki, sannan ya ƙirƙiro tasa. Iyaye, in da hali a saya wa gida ƙamus ɗaya. Na Oxford na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya tsara, tun 1948 yake hannun ɗalibai, akwai kuma ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Neil Skinner da na Roxana Ma Newman. Ba ƙananan kalmomi ne abin kunya a insha'i ba. Kalmomi 450 da WAEC ke nema, in an rubuta su da sauƙi kuma daidai, sun fi dogon Turancin da mai shi bai san ma'anarsa ba.

Furuci ma yana da takardarsa a WAEC. Turanci na da haruffa 26 amma sautukansa sun kai wajen 44. Namu ciwon sananne ne, “p” da “f”, domin Hausa ba ta bambanta su. Ku gwada yanzu. Ku riƙe 'yar takarda a gaban baki, ku haɗe leɓɓa biyu ku sake su da ƙarfi, “pan”, takardar za ta yi tsalle. Sai ku ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ku hura a hankali, “fan”. Haka “pull” da “full”. Sannan harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, sai ya cusa wasali, shi ya sa “bread” ta zama burodi, “brush” ta zama buroshi. A Hausa daidai ne, a ajin Turanci sai a cire wasalin. Bambancin “ship” da “sheep” kuwa, kunnen da ya rarrabe “tafi” na tafiya da “tafi” na hannu ba zai sha wuya ba.

Malamaina, ga roƙona gare ku. Har yanzu akwai makarantun da ake ba monita takarda ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a zane shi. Abin da wannan ke haifarwa shi ne yaro mai shiru, wanda ba ya tambaya da kowane harshe. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Mu ma muna da shaida a gida. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta shahara wajen horar da ɗalibai furucin Turanci. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960 ya yi jawabi da Turancin da duniya ta yaba, kuma shi ne marubucin Shaihu Umar. Daga cikinta Abubakar Imam ya fito, mai Magana Jari Ce, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Don haka a ba yara lokacin yin Turanci a aji, a bar su su yi kuskure da babbar murya a gyara musu, in bayani ya cije kuma a warware shi da Hausa.

Ɗalibai, ga aikin gida kafin ku kwanta. Ku rubuta jimla biyar da Turanci a kan abin da kuka yi yau tun daga asuba, ku ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, ku duba ko ya nuna cewa abin ya wuce. Gobe ku kai wa malaminku ya duba.

A nan za mu dakata.