Bayan An Yi Wa Karya Tiyata, Sauran Aiki Na Mai Gida Ne

A Tudun Wadan Zariya, gidaje da dama na ajiye kare domin gadi, amma kaɗan ne ke tunanin makomar ƴan kwikwiyon da karya ke haifa. Karya kan nemi barbara kusan sau biyu a shekara, cikinta kuwa bai wuce kimanin kwana 63 ba. Waɗanda aka rasa mai ɗauka a bola suke ƙarewa, su girma babu allurar rigakafi. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na hallaka mutane kusan 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya.

Ɗaya daga cikin hanyoyin rage wannan matsala ita ce tiyatar cire mahaifa, kuma mutanen Zazzau sun yi dace da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Sai dai aikin likita na yini guda ne. Warkewa kuwa takan ɗauki kwana 10 zuwa 14, kuma a gida ake yin ta.

A tsawon wannan lokaci, wajibi ne a killace karyar a wuri mai inuwa da tsabta, nesa da ƙura da ƙudaje, a hana ta guje-guje, kuma kada a yi mata wanka. Hausawa na cewa in ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Haka karyar da ke shinshina ɗinkinta: lasa za ta yi har ta tsinke zaren. Saboda haka kada a cire mata abin wuyan roba mai kama da mazurari, ko da ta nuna damuwa. Kada kuma a ba ta maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen, domin yana iya lalata mata ƙoda da ciki. Idan aka ga kumburi, mugunya, wari, yawan amai ko ƙin cin abinci, a garzaya wurin likita.

Mai karatu, wannan ba nauyin da za a jibga wa yaron gida ba ne. Dabbar da ta hana idonta barci domin tsaron gidanka ta cancanci kulawarka ta mako biyu.