Shin Ko Kun San? Wa Ke Da Ikon Sauya Maganin Da Likita Ya Rubuta?

Likita ya rubuta wani suna a takarda, a kantin magani kuma aka miƙo muku kwali mai suna daban. Kafin ku ce an yi muku coge, ku ji yadda dokokin ƙasashe suka tsara wannan lamari.

Shin ko kun san yawancin magunguna suna biyu gare su? Akwai sunan da kamfani ya raɗa don kasuwa, akwai kuma sunan sinadarin da ke aiki a jiki. Panadol sunan kasuwa ne, farasitamol shi ne maganin. Duk dokokin musanya a kan wannan bambanci suka ginu.

Shin ko kun san a shekarun 1950 yawancin jihohin Amurka sun haramta wa mai harhaɗa magunguna ya ba da wani abu saɓanin sunan da likita ya rubuta? Tsada ce ta sa aka riƙa soke haramcin a shekarun 1970. Yau kowace jiha da nata tsarin: wasu sun wajabta musanyar, wasu sun bar ta zaɓi.

Shin ko kun san dokar Hatch-Waxman ta 1984 ce ta buɗe kasuwar kwatankwacin magunguna a Amurka? Ta ce mai son yin kwatankwacin magani ba sai ya maimaita dogon gwaji a kan majinyata ba. Ya dai nuna cewa nasa na shiga jini daidai da na asali. Yanzu kusan tara cikin kowane goma na magungunan da ake bayarwa da takardar likita a Amurka irin waɗannan ne.

Shin ko kun san tun 1980 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ke buga kundin Orange Book, wanda ke fayyace wane magani ne zai iya maye gurbin wani? Amma idan likita ya rubuta a bayar da abin da ya ambata kaɗai, magana ta ƙare.

Shin ko kun san Faransa ta ba masu harhaɗa magunguna ikon musanya a 1999, alhali a Ingila galibi ba su da shi? A Ingila likitoci ne aka saba wa rubuta sunan sinadari tun farko.

Shin ko kun san kamfanonin magani 39 sun maka gwamnatin Afirka ta Kudu a kotu kan dokarta ta 1997, wadda ta ƙunshi musanya da magani mai araha? Lokacin cutar ƙanjamau na ɗibar rayuka. A watan Afrilun 2001 suka janye ƙarar.

Shin ko kun san akwai magungunan da ba a wasa da sauya su? A 2013 hukumar magunguna ta Birtaniya ta ba da shawarar mai farfaɗiya da ke shan irin su fenitoyin ko kabamazefin ya tsaya a kan na kamfani ɗaya, domin ɗan bambanci kaɗan kan iya tayar da ciwon.

Ta fuskar biyan kuɗin magani kuwa, shin ko kun san shirin Medicare na tsofaffin Amurka, da aka kafa a 1965, bai fara biyan kuɗin magungunan da ake saya a kanti ba sai 2006? Wata doka ta 2022 ta ƙayyade wa masu cin gajiyar shirin insulin a dala 35 a wata, ta kuma sa iyakar dala 2,000 kan abin da mutum zai biya daga aljihunsa a 2025.

Shin ko kun san a Wels tun 2007, a Sikotilan kuma tun 2011, kyauta ake karɓar maganin da likita ya rubuta?

Araha ba ta nufin rashin inganci, tsada ma ba ita ce waraka ba. Idan aka sauya muku magani, ku dubi sunan sinadarin da ƙarfinsa a jikin kwalin, ku tambayi mai kantin dalili, in zuciya ba ta kwanta ba ku koma wa likita. Matambayi ba ya ɓata, balle a kan abin da zai shiga cikinsa.